Garinmu a Kan Takarda: Taswira, Uwargida da 'Ya'yanta

Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu na Tsaskiya da Runka da Zakka a ƙasar Safana, da na Ruma da Wagini a ƙasar Batsari, waɗanda suke gida da waɗanda rashin tsaro ya sa suka yi ƙaura zuwa wajen dangi. Allah ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa, amin.

Yau maganar taswira za mu yi. Na san wata za ta ce, "To Malama, ni da ko zaure ba na leƙawa sai da izinin maigida, ina ruwana da taswira? Ai wannan sai direbobi da 'yan boko." Ki gyara zama 'yar'uwa, ki ba ni aron kunnenki. Abu biyu nake so ki riƙe. Garin da ba ya kan takarda, rabo yakan tsallake shi, ko allurar rigakafi ce, ko rijiyar burtsatse, ko kayan agaji. Yaron da bai san sunan garinsu da hanyar gidansu ba kuwa, ranar da ya rabu da ke a cikin ruɗani, neman sa yakan yi wuya. Maganin waɗannan abubuwa biyu, wani sashensa yana hannunki, kina zaune a tsakar gidanki.

Bari mu fara da tushe. Mece ce taswira? Zanen wuri ce kamar yadda shirwa take ganinsa in tana shawagi a sama. Ke da kike ƙasa kina ganin bango da ƙofa. Ita shirwa rufi take gani, da da'irar rumbu, da bakin rijiya, da hanya ta miƙe kamar zare. In aka zana wannan a takarda, an yi taswira.

Kowace taswira ta kirki tana da abu uku. Na farko ma'auni. Ba yadda za a yi gari ya shiga takarda sai an rage shi, kuma ragin ya zama daidai a ko'ina. A wata taswirar, santimita 1 a takarda, wato kamar faɗin farcenki, yana madadin kilomita 1 a ƙasa. Na biyu alama. Akan sa shuɗin layi a ce gulbi ne, kore a ce daji ne, ɗan jinjirin wata a ce masallaci ne, sannan a rubuta ma'anar kowace alama a gefe. Na uku fuska, wato a nuna ina ne gabas, ina ne arewa. Yawancin taswirorin yau arewa suke sawa a sama. Mai ɗinkin hula ta san irin wannan aiki: sai an yi zane an raba gida-gida daidai kafin a sa allura, in zanen ya karkace, ɗinkin ma ya karkace.

Kada kuma wata ta ɗauka wannan ilimi baƙo ne a wurinmu. A shekarar 1154 wani malami Musulmi mai suna Al-Idrisi, haifaffen Sabta a arewacin Afirka, ya kammala wata babbar taswirar duniya a tsibirin Sisili, bayan ya shekara da shekaru yana tambayar matafiya da fatake. Shi kudu ya sa a sama, arewa a ƙasa. A nan gida kuwa, a shekarar 1824, wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya isa Sakkwato yana neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa hanyar kogin a ƙasa, daga baya aka ba shi taswira a takarda da rubutun Larabci, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Kin ji ko? Sarkin Musulmi guda, a kan turɓaya ya fara zanensa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar yara.

To me ya sa ƙasashen duniya suke haɗa kai a kan wannan aiki? Dalili shi ne, ruwa da iska da cuta ba su san iyaka ba. Ga misali kusa da mu. Ruwan da ya sauka a ƙasar Katsina yakan bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya wuce ta Maraɗi, sannan ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da gulbin Rima a ƙasar Sakkwato. In Najeriya ta zana rabinsa da nata ma'auni, Nijar ta zana rabi da wani ma'auni dabam, ranar da aka haɗa takardun biyu gulbin ba zai haɗu ba. Kamar mata biyu ne su saƙa tabarma ɗaya, kowacce da nata awo.

Shi ya sa a 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a birnin Washington na Amurka, aka tsayar da layi ɗaya da kowa zai fara ƙirga gabas da yamma daga kansa. Layin ya bi ta wata unguwa a Landan mai suna Greenwich, ya gangaro ta Mali da Burkina Faso da Togo da Gana. A 1959 aka kafa ƙungiyar masu zana taswira ta duniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ana kiran ta ICA a taƙaice. Bayan kowace shekara biyu takan yi babban taro, kuma ta yi shi a Afirka ta Kudu sau biyu, a Durban a 2003, a Cape Town a 2023. A 1972, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka buɗe wata cibiya a Ile-Ife inda ake koyar da aikin safiyo da taswira ga ɗalibai daga Najeriya da Nijar da Mali da Benin da wasu maƙwabta. Najeriya kuma ta mallaki tauraron ɗan'adam nata na farko mai ɗaukar hoton ƙasa a 2003. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma fa ba kowane haɗin kai ne ya zama alheri gare mu ba. Tsakanin 1906 da 1908, jami'an Ingila da na Faransa suka bi daji suna kafa duwatsun iyaka tsakanin ƙasar da ta zama Najeriya da wadda ta zama Nijar. Layin da suka ja shi ne ya sa yau mai 'yar'uwa a Maraɗi sai ta ƙetare iyaka kafin ta je suna ko ta'aziyya. An zana wurin mutane ba a tambayi mutanen ba. Darasin da ke ciki shi ne, in ana zana garinku, gara a ji bakinku.

Yanzu bari in kawo miki misalin da ya shigo har tsakar gidanki, ko da ba ki sani ba. Kin san matan nan masu yawo gida-gida da ɗan akwatin sanyi, suna ɗiga wa yara maganin rigakafin shan inna, su shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, su yi rubutu da alli a ƙofar gida? To akwai taswira a bayan wannan yawo nasu.

A shekarar 2012, yara 223 aka tabbatar cutar shan inna ta kama a duniya baki ɗaya, kuma 122 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, galibi a arewa. Da aka bincika, sai aka ga ba ƙin karɓa ne kaɗai matsalar ba. Akwai yaran da ba a taɓa isa gare su ba. A lokacin, ma'aikata da hannu suke zana taswirar yankin da za su bi, gwargwadon abin da suka tuna. Sai ka ga ƙauye yana kan iyakar mazaɓu biyu, waɗannan sun ɗauka na waɗancan ne, waɗancan sun ɗauka na waɗannan ne, a gama zagaye ba wanda ya je. Wata rugar ko wani ɗan ƙauye mai gida biyar ba ya ma cikin lissafin kowa.

Daga wannan shekara aka sake dabara. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Najeriya, da Hukumar Lafiya ta Duniya, da Gidauniyar Bill da Melinda Gates, da wata ƙungiya mai cibiya a Kano da ake kira eHealth Africa, suka haɗa hannu. Aka ɗauko hotunan da tauraron ɗan'adam ya ɗauka na jihohin arewa, har da jihar Katsina. Aka bi su ana yi wa kowane tarin rufi alama. Sannan aka tura mutane da babura su je wurin, su tambayi mai unguwa sunan garin, su rubuta. Da haka aka buga wa mazaɓa-mazaɓa tasu taswira. Bayan haka aka riƙa ba ayarin masu rigakafi wata waya su sa a jaka. Wayar tana rubuta inda suka taka bayan kowane 'yan mintoci. Da yamma a ɗora sawunsu a kan taswira, nan take a ga ƙauyen da aka shiga da wanda aka tsallake, washegari a koma.

A 2016 aka ga na ƙarshen wanda asalin ƙwayar cutar ta kama a Najeriya, a jihar Borno. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba. Sarakuna da malamai sun yi nasu, matan da suka sha rana suna yawo sun yi nasu, ku da kuka miƙo yara kun yi naku. Amma taswira ce ta nuna inda aka manta. Kuma ki lura, akwai wani nau'in cutar da yake ɓullowa jefi-jefi a wuraren da rigakafi ya yi rauni, shi ya sa ba a daina ɗigon ba. In sun zo, ki fito da yara.

Wata za ta ce, ita wayar yaya take sanin inda mutum yake? Akwai taurarin ɗan'adam da suke kewaya duniya can sama, nisan kusan kilomita 20,000, kowanne yana aiko da saƙo ba dare ba rana. In waya ta ji saƙon guda huɗu ko fiye, sai ta auna nisanta da kowanne, ta fitar da inda take tsaye. Wannan shi ake kira GPS. Kamar a rufe miki ido ne a tsakar gida, ki ji kiran salla ta dama, ki ji injin niƙa ta baya, ki ji kukan jakin maƙwabta ta hagu, ai za ki faɗi inda kike.

Wannan ya kawo mu ga taswirar intanet. A da, taswira tana ofishin gwamnati a kulle cikin durowa. Yau tana cikin wayar ɗanki. Akwai ta kamfanin Google wadda aka fara a 2005. Akwai kuma wata mai suna OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004. Ita wannan aikin gayya ce. Kowa yana iya shiga ya ƙara hanyar garinsu, ko asibiti, ko makaranta, kuma kowa yana iya ɗauka kyauta. Da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti a watan Janairu 2010, masu sa kai daga ƙasashe da yawa suka zauna gaban kwamfuta, cikin 'yan kwanaki suka zana titunan birnin don masu ceto su san inda za su bi. Da cutar Ebola ta ɓarke a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, haka aka yi. A ƙarshen wannan shekara ƙungiyar Red Cross ta Amurka da ta Ingila, da ƙungiyar likitoci ta MSF, da masu wannan taswira, suka fara wani shiri na zana wuraren da ba su kan kowace taswira tun kafin masifa ta zo.

To amma ga inda gizo yake saƙa. Wanda yake zaune a Landan ko Nairobi yana kallon hoton Tsaskiya daga sama, rufi kawai yake gani. Bai san sunan unguwar ba. Bai san wannan rijiya ta ƙafe tun bara ba. Bai san wancan rafi in damina ta yi nisa ba ya ƙetaruwa da mace mai naƙuda ba. Bai san gidan nan mai ɗaki shida yara goma sha huɗu ne a ciki, ko kuwa kango ne mutanensa sun yi ƙaura ba. Ga kuma sunayen garuruwanmu masu maimaituwa: Sabon Gari nawa ne a jihar Katsina? Tudun Wada nawa? Unguwar Liman nawa? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tauraro yana ganin rufi, amma abin da ke ƙarƙashin rufin, ke kika sani. Namiji baƙo iyakarsa zaure. Macen da aka turo ita ke shigowa, kuma bakinki take saurare.

Saboda haka ga abin da ya rage gare ki. In ma'aikatan lafiya ko na ƙidaya suka zo da shaidarsu, mai unguwa ya san da zuwansu, maigida ya ba da izini, ki faɗi gaskiyar adadin yara. Kada ki ɓoye jariri don kunya ko don tsoron baki. Kada ki manta da 'ya'yan riƙo da na baƙin da suka yi hijira suka sauka wurinku. Da wannan lissafi ake raba magani da gidan sauro. In kin san wata ruga ko wani ɗan ƙauye a bayan gari da masu rigakafi ba sa zuwa, ki gaya wa matar da ta shigo, ko ki gaya wa maigida ya kai maganar gun mai unguwa. In akwai mai babbar waya a gidan, ki ce ya buɗe miki taswira ya nuna miki garinku, ku duba ko sunan daidai ne, ko asibitin da ya fi kusa yana ciki.

Sai dai a yi hattara, musamman mu da muke gefen dajin Rugu. Wuƙar da ke yanka albasa ita ke yanka hannu. Sanya sunan gari da asibiti da makaranta a taswira abu ne mai kyau. Amma a ja wa samari da 'yammata kunne, kada su riƙa aika wa wanda ba su sani ba alamar inda gidanku yake, ko su watsa hoton garke da rumbuna a Facebook. Baƙon da ya bugo waya ko ya tsaya yana tambayar yara gidan wane da hanyar da ake bi, ba tare da sanin mai unguwa ba, a koya wa yara su ce a je a tambayi manya.

Yanzu mu zo kan yara, don nan ne aikinki ya fi yawa. Ita ƙungiyar nan ta duniya da na ambata tana shirya wa yara gasar zana taswirar duniya tun 1993, bayan kowace shekara biyu. An sa wa gasar sunan wata mata Ba'amurkiya, Barbara Petchenik, masaniyar taswira wadda ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban ƙungiyar, ta kuma damu ƙwarai da yadda yara suke fahimtar taswira. Ta rasu a 1992. Yara 'yan shekara 15 zuwa ƙasa suke shiga, har da waɗanda ba su kai shekara 6 ba. Kowace ƙasa takan tace nata ta aika, a baje su a babban taro. Abin da nake so ki gani a nan shi ne, manyan masanan duniya sun yarda yaro ɗan shekara biyar yana iya zana duniyarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma ba sai da kwamfuta ba. Tsinke da turɓaya sun isa, kamar yadda suka ishi Sarkin Musulmi Bello.

Darasi na farko, gidanku. Da la'asar in an share tsakar gida, ki yayyafa ruwa, ki ba yaro tsinke. Ki ce, "Ka zama shirwa, kana sama, me kake gani?" Ya zana katanga, ya sa zaure, ya sa ɗakinki da na abokiyar zamanki, da madafa, da rumbu, da turken awaki, da rijiya. Da farko zai zana ɗaki da ƙofa kamar yana tsaye a gabansa. Kada ki yi masa dariya. Ki kife ƙwarya a ƙasa, ki ce ya tsaya a kanta ya leƙa, ya faɗi abin da ya gani. Zai ce da'ira. Ki ce to haka rumbu yake ga shirwa.

Darasi na biyu, fuskoki huɗu. Wannan mai sauƙi ne gare mu, don kowane yaro yana ganin inda ake fuskanta in za a yi salla. Ki tsai da shi da safe ya fuskanci inda rana ke fitowa. Gabansa gabas, bayansa yamma, hannun hagunsa arewa, hannun damansa kudu. In ya girma kaɗan ki ƙara masa cewa alƙiblarmu a ƙasar Katsina gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa. Ki nuna masa inuwar turmi da safe tana yamma, da la'asar ta koma gabas. Mai wannan sani ko a daji ya san inda ya dosa.

Darasi na uku, awo. Ki ce ya ƙirga taku nawa ne daga ɗakinki zuwa zaure, taku nawa zuwa rijiya. Sai ku yi yarjejeniya: kowane taku biyar, tsinken ashana ɗaya. Ya jera tsinkayen a zanensa. Shi ke nan ya koyi ma'auni, ya kuma yi lissafi bai sani ba.

Darasi na huɗu, unguwa. A nan yaron ne zai zama malaminki. Ke kina ciki, amma ƙafarki tana waje: su ne masu zuwa aike, masu kai niƙa, masu zuwa makarantar allo da ta boko. In yarinya ta dawo, ki ce ta zana miki hanyar da ta bi. Ina masallaci? Ina gidan mai unguwa? Ina mai shago? Ina kukar nan ko tsamiyar da ake kwatance da ita? A sa dutse madadin masallaci, ƙwallon goriba madadin rijiya, a zuba toka a yi hanya. Amfanin wannan biyu ne. Ita ta koyi lura, ke kuma kin san inda 'yarki take bi, kin san lungun da za ki hana ta.

Darasi na biyar shi ne wanda na fi so ki ba muhimmanci. Ki koya wa kowane yaro da ya fara magana ya haddace jerin nan kamar karatun allo: sunansa, sunan mahaifinsa, sunan unguwarsu, sunan garinsu, ƙaramar hukuma, jiha. Misali ya ce, "Ni wane ɗan wane, daga Tsaskiya, ƙaramar hukumar Safana, jihar Katsina." Wanda ya kai shekara bakwai a ƙara masa lambar waya ɗaya. A ƙara masa kuma maƙwabta: Batsari tana arewa da Safana, Ɗanmusa tana kudu, jihar Zamfara tana yamma. Mu da muka ga yadda ake watsewa cikin dare, uwa ta yi nan, ɗa ya yi can, mun san wannan ba wasa ba ne. Yaron da aka tsinta ya ce "garinmu" kawai ya yi shiru, da wanda ya kawo jerin nan, ba ɗaya suke ba. Ku kuma zauna da maigida ku tsayar da wuri guda, gidan wani ɗan'uwa a wani gari, wanda kowa ya san can za a haɗu in an rabu. Allah ya tsare, amma rigakafi ya fi magani.

Darasi na shida, duniya. Ki ɗauki lemo ki ce wa yaro ga siffar duniya. Ki ɓare shi, ki ce ya shimfiɗa ɓawon a faifai ya kwanta sumul ba tare da ya yage ba. Ba zai iya ba. To haka masu taswira suke fama: duk wanda ya shimfiɗa duniya a takarda sai ya ja wani wuri ya matse wani. Taswirar da aka fi liƙawa a bangon aji ta samo asali ne daga wadda wani Bature mai suna Mercator ya yi a 1569 don matuƙan jiragen ruwa. Tana kumbura ƙasashen da ke can arewa, har tsibirin Greenland ya yi kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan a koma amfani da taswirar da ke nuna girman kowace nahiya daidai. Ki gaya wa ɗanki wannan, ya san ko takarda ma ana yi mata tambaya.

Kada a bar 'ya'ya mata a baya a wannan karatu. Yarinyar da ta iya zana hanyar asibiti, gobe ita ce za ta kwatanta wa mai mota in naƙuda ta zo wa wata cikin dare. Wadda ta iya awo da fuska, ranar rabon gado za ta gane iyakar gonarta, ta ce a rubuta a zana a gaban shaidu, don itacen da aka yi iyaka da shi yana iya faɗuwa. Wata kuma, in Allah ya nufa, ita ce za ta yi karatun labarin ƙasa a jami'a, ta zauna gaban kwamfuta ta sa garinsu a inda duniya za ta gan shi.

Ga aikin gida na wannan mako. Yau da la'asar a zana gida. Gobe a koyi gabas da yamma, kudu da arewa. Kafin Juma'a kowane yaro ya iya faɗin jerin sunan nan ba gargada. In kishiyoyi ne a gidan, a haɗa yaran wuri ɗaya a yi musu gasa, wanda ya fi a ba shi ƙuli-ƙuli ko alewa. Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, amma sai ya san sunan inda zai tambaya.

A nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuriya, ya tsare garuruwanmu, ya mai da waɗanda suka yi ƙaura gidajensu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.